Fim ɗin tauraruwar waƙa: gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya kamar haka: "Na kalli wani fim a kan yarinyar da ta zama tauraruwar waƙa a duniya. Ta samu kuɗi, ta samu suna, amma ta ƙare da ƙwaya da kaɗaici. Wannan shi ne na uku da na gani mai irin wannan zubi. Haka rayuwar take da gaske, ko masu fim ne ke ƙara gishiri don su sa mu kuka?"

'Yar'uwa, na daɗe ina karanta rubutun finafinai tun kafin a ɗauke su, ina kuma koyar da yadda ake gina labari, don haka wannan zubin ya sha biyowa ta hannuna. Wahalar da kika gani gaskiya ce, wani lokaci ma ragewa fim yake yi. Inda masu fim ke yi mana rowa shi ne wajen nuna sanadi. Za su nuna miki kwalba, su nuna miki ƙwaya, su nuna miki hawaye yana wanke kwalli a gaban madubi. Takardar da aka sa wa hannu kuwa, da jadawalin aiki, da tarin mutanen da abincinsu ya rataya a maƙogwaron yarinya ɗaya, waɗannan sai a leƙa su a wuce. Ni kuma a nan nake ganin ciwon yake.

Zubin tsoho ne. Labarin A Star Is Born kaɗai sau 4 aka yi shi a Hollywood: 1937, 1954, 1976 da 2018. Na farko a kan 'yan wasan fim aka gina shi, daga 1976 ne aka mai da shi kacokan duniyar mawaƙa. Kullum dai tauraro ne da rana ta fara faɗuwa a kansa yake tsinto yarinya mai baiwa, ita tana hawa shi yana gangara, har ya hallaka. Na 1954 shi ne wanda ba ya barin zuciyata. Judy Garland ce ta fito a matsayin matar kirki mai haƙuri, wadda ke riƙe da miji mashayi. A zahiri kuwa ita ce mai buƙatar a riƙe ta. Tana da shekara 13 kamfanin fim na MGM ya ɗauke ta a 1935. Ita da bakinta ta ba da labarin yadda ake ba ta ƙwayar hana barci don ta jure dogon aiki, in an tashi a ba ta wata don ta yi barci, ana kuma sa ido a kan abin da take ci don kada ta yi jiki. A 1950 suka rabu da kamfanin. A 1969 ta mutu a Landan tana da shekara 47, sanadin maganin barci da ya yi mata yawa. Fim ɗin ya ɗora laifi a kan raunin miji, alhali matar da ke tsaye gaban kyamara ita ce shaidar cewa masana'antar kanta ce ke koya wa yaro haɗiyar ƙwaya tun bai san ciwon kansa ba.

Kina iya cewa wannan mutum ɗaya ce. To an ƙirga. Akwai camfin da ya yaɗu cewa mawaƙa a shekara 27 suke mutuwa, saboda Jimi Hendrix da Janis Joplin da Jim Morrison da Kurt Cobain da Amy Winehouse duk a wannan shekarar suka tafi. A 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta buga binciken da ya bi rayuwar mawaƙa sama da 1,000 da kundin waƙoƙinsu ya taɓa zama na ɗaya a Birtaniya tsakanin 1956 da 2007. Ba a samu wani abu na musamman a shekara 27 ba. Abin da aka samu ya fi camfin tayar da hankali: tsakanin shekara 20 zuwa 39, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'ar ƙasar sau 2 zuwa 3. A 2012 wani mai bincike, Mark Bellis, da abokan aikinsa a Liverpool suka duba taurari kusan 1,500 na Turai da Arewacin Amurka, suka ga mawaƙin da ke tashe shi kaɗai ya fi wanda ke cikin ƙungiya haɗarin mutuwa da wuri, kusan ninki 2. Sun kuma lura cewa waɗanda shaye-shaye ya yi ajalinsu sun fi saura tasowa cikin ƙunci da cutarwa tun suna yara.

Wannan batu na kaɗaici shi ne mabuɗin. Ɗan ƙungiya yana da abokan da suka san shi tun ba shi da ko takalmin kirki, waɗanda za su iya kallon tsabar idonsa su ce masa ya isa haka. Tauraruwa ita kaɗai fa? Duk wanda ke ɗakin, ita ke biyansa.

Bari in fara da kuɗin, tun da shi ne fim ba ya son tsayawa a kai, don lissafi ba ya sa ɗan kallo kuka. Idan kamfanin faifai ya ɗauki sabuwar mawaƙiya, yakan ba ta kafin alƙalami. Ita da danginta sai su ɗauka arziki ne ya sauka. Bashi ne. Ba za a bi ta gida a ce ta biya ba, amma daga kasonta na ciniki za a riƙa cirewa har ya cika, kuma sau da yawa kuɗin situdiyo da wani ɓangare na kuɗin bidiyo duk a kanta ake rubuta su. Ga misali don ki gane: a ce abin da aka rubuta a kanta dala miliyan 1 ne, kasonta kuma 15 cikin 100. Sai cinikin ya haura dala miliyan 6 da rabi kafin kwabo ɗaya ya sake shiga hannunta ta wannan ƙofar, alhali kamfani ya daɗe da mai da kuɗinsa. Bayan nan ma asalin faifan yawanci na kamfani ne. Daga abin da ya iso gare ta manaja zai ɗauki nasa, galibi 15 zuwa 20 cikin 100, mai nemo mata wasanni ya ɗauka, lauya ya ɗauka, hukumar haraji ta ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan matan ƙungiyar TLC sun je kotu a 1995 sun bayyana karayar arziki a daidai lokacin da kundinsu na 1994 ke sayuwa miliyoyi. Mawaƙi Prince ya riƙa fita bainar jama'a da kalmar "bawa" a rubuce a kumatunsa lokacin rigimarsa da kamfanin faifai na Warner Bros, har ya ajiye sunansa a 1993 ya koma amfani da wata alama. A Koriya ta Kudu sai da hukuma ta sa baki a 2009 ta fitar da tsarin kwantiragi da ya taƙaita wa'adi zuwa shekara 7, saboda ana ɗaure yara da yarjejeniyar da ta haura shekara 10.

Tun da faifai ba ya kawo wa mawaƙi abin kirki da wuri, sai rangadi ya zama gonarsa. A nan ne mutum ke rikiɗa ya koma kamfani. Ki kwatanta safiyar ranar wasa a ranki. Manyan motoci sun kwana a hanya da kayan dandamali. Masu haɗa fitilu sun hau sama tun asuba. Akwai makaɗa, 'yan rawa, 'yan amshi, masu gadi, mai gyaran gashi, direbobi. An sayar da tikiti tun watanni, an kama filin wasa, an biya otal. A hawa na sama kuma ga yarinya kwance, murya ta dushe, ba ta rintsa ba, tana cewa yau kam ba za ta iya ba. Wa zai shiga ɗakin ya ce mata ki huta? Manajan da kasonsa ke cikin kuɗin daren? Uwar da ta bar aikinta ta dawo cikin tawaga? Likitan da aka ɗauko don ya tabbatar ta hau? Ba sai ɗayansu ya zama mugu ba. Kowannensu yana iya ƙaunarta har zuciya, kuma kowannensu yana da dalilin da zai sa ya ce, "Daure ki yi na yau, gobe ma yi magana." Goben kuma wani gari ne da wani filin.

Fim yakan tattara wannan duka ya ɗora wa manaja ɗaya mai baƙar zuciya, don ɗan kallo ya samu wanda zai tsana. A fim ɗin 2018 haka aka yi: manajan yarinyar ne ya zauna da mijin bayan ya dawo daga jinyar shaye-shaye, ya gaya masa cewa shi nauyi ne a kanta, daga nan mijin ya kashe kansa. Fitowar tana da ƙarfi, amma ta sauƙaƙa al'amarin. Da mugu ɗaya ne, da korarsa ta wadatar. Abin da ke faruwa da gaske ba shi da fuska ɗaya da za a nuna da yatsa.

A watan Yuni na 2011 aka hau da Amy Winehouse dandamali a Belgrade tana tangaɗi, ba ta iya riƙe baitocin waƙarta, jama'a suna yi mata ihu. Wannan ita ce matar da ta ɗauki kyautar waƙa ta Grammy 5 a dare ɗaya a 2008. Aka soke sauran rangadin, ranar 23 ga Yuli ta mutu a gidanta na Landan, giya ta yi mata yawa a jini. Duk wanda ya ga hoton daren Belgrade tambaya ɗaya ke zuwa masa: mutum nawa ta wuce ta gabansu daga ɗakin shiri zuwa bakin dandamali? Michael Jackson yana shirin wasanni 50 a Landan ne a 2009, barci ya gagare shi, likitansa ya riƙa ba shi propofol a ɗakin kwana, maganin da ake kwantar da mutum da shi a ɗakin tiyata. Ya mutu ranar 25 ga Yuni yana da shekara 50, a 2011 kotu ta samu likitan da laifin kisa ba da gangan ba. Na Britney Spears kuwa kotu ce da kanta ta miƙa ragamar rayuwarta da dukiyarta ga mahaifinta da wasu a 2008, bisa dalilin ba ta iya kula da kanta. Ba a warware wannan ɗaurin ba sai Nuwamba 2021. A tsakanin nan ta fitar da kundi 4, ta yi wasa kusan 250 a Las Vegas daga 2013 zuwa 2017. Wadda aka ce ba ta isa ta taɓa kuɗinta ba, an ga ta isa ta nemo su dare bayan dare. Wannan kam in marubuci ya kawo mini shi a rubutun fim, zan ce masa ya yi yawa, ya rage.

Akwai kuma abin da jiki ke sha, wanda ba ya buƙatar mugun kowa. Mutum ya tsaya awa 2 gaban dubban jama'a suna kiran sunansa, ƙirji na bugawa, fitila na dukan ido. Ƙarfe 11 na dare an gama. Kafin 12 yana ɗakin otal shi kaɗai, kunne na ƙara, jiki bai san an tashi ba. Asuba kuma jirgi. Dole ya nemi abin da zai saukar da shi, in gari ya waye ya nemi abin da zai tashe shi. Da yawa ta wannan ƙofar suka shiga, neman barci kawai, ba neman holewa ba. Avicii, matashin makaɗin nan ɗan Suwidin, ya daina rangadi a 2016 saboda lafiyarsa ta ƙi, a 2018 ya mutu a Oman yana da shekara 28. Finafinai sun fi son nuna shaye-shaye a wurin casu, cikin hayaniya da fitilu. Fitowar da na fi yarda da ita ita ce ta ɗakin da ya yi tsit, talabijin na yi babu sauti, mutum zaune a bakin gado da kayan wasa a jikinsa bai ko cire takalmi ba.

Sai mu 'yan kallo. Fim ba ya son ɓata wa mai sayen tikiti rai, don haka yakan ɗora laifin a kan masu farautar hoto, kamar su suke sayen hoton da kansu. Hoton tauraruwa tana kuka a bakin titi yana da tsada ne saboda muna son gani. Whitney Houston ta mutu a ɗakin otal ɗin Beverly Hilton ranar 11 ga Fabrairu 2012, jajibirin bikin Grammy. A wannan daren, a cikin wannan otal ɗin, aka yi liyafar manyan masana'antar da aka shirya za ta halarta, gawarta na sama. Ana bikin duniya ake na ƙiyama. Ban kawo wannan don in zagi waɗanda suka je ba, da yawansu masoyanta ne na gaske. Na kawo shi ne don ki ga cewa injin ba shi da birki ko a ranar mutuwa.

To ina gishirin yake? Na farko a sauri yake. Fim na da awa 2, sai ki ga an gano yarinya a daren Juma'a, kafin ki ƙifta ido ta cika filin wasa. Shekarun maimaita waƙa ɗaya a ƙananan wurare, da ƙofofin da aka rufe mata, duk an haɗiye su cikin waƙa guda. Wannan ba ya damuna sosai. Wanda ya fi damuna shi ne yadda ake nuna faɗuwar kamar ƙaddara ce da ke manne da baiwa, wai duk mai murya irin wannan dole wuta ta cinye shi. Labari ne mai daɗin ji, kuma yana wanke hannun kowa. In baiwar ce ke kisa, to babu wanda za a tambaya game da kwantiragi ko jadawali. Alhali akwai waɗanda suka yi suna iya suna suka tsufa da hankalinsu da dukiyarsu, kuma in kika bincika za ki tarar akwai ranar da suka ce a'a. Dolly Parton ta sha ba da labarin yadda Elvis Presley ya so rera waƙarta I Will Always Love You, manajansa Kanar Tom Parker ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Ta ƙi, duk da ta ce abin ya sa ta kuka. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta zagaye duniya, haƙƙin marubuciya kuma yana hannun mai shi. Mace zaune da takarda tana ƙin sa hannu ba ta cika silima, shi ya sa da wuya ki ga an gina fim a kan wannan ranar. Kuma a faɗi gaskiya, fim ɗin da ke kukan yadda ake sayar da wahalar tauraruwa shi ma wahalar yake sayarwa. Marubucin kirki ya san da haka, yakan ji nauyinsa a kowane shafi.

Idan ina duba irin wannan rubutun, abin da nake nema ƙalilan ne. Ina so in ga wa ke cin riba in ta hau dandamali ba lafiya, in kuma ga ko an bar wannan mutumin ya zama mai ƙaunarta. Ina so in ga tana aiki, tana maimaita baiti sau 20 har ya zauna, don in yarda cewa akwai abin da take so a cikin waƙar ban da tafi. Ina kuma so a bar ta ta yi laifi. Shahara ba ta tsaya ga cutar da mai ita ba, takan mai da shi mai cutarwa, domin wanda ya shekara 15 ba a ce masa a'a ba yakan manta cewa sauran mutane ma suna jin zafi.

Fim ɗin da na ga ya yi ƙarfin halin nan shi ne Vox Lux na Brady Corbet, wanda ya fito a 2018. Yarinya ce mai suna Celeste ta tsira da rauni daga harbin da aka yi a makarantarsu a 1999. Ita da yayarta suka yi waƙar juyayi, ƙasa ta ɗauka, kamfani ya zo. Tun daga tushe ke nan ciwonta ne hajar. Sai fim ya tsallaka zuwa 2017, Natalie Portman ta karɓi matsayin, muka tarar da mace mai kaushin harshe, mai shan giya da rana, mai wulaƙanta yayar da ta yi mata komai. Darakta ya yi wata dabara da ta tsaya mini a rai: yarinyar da ta fito a matsayin Celeste tana ƙarama, Raffey Cassidy, ita ce ta dawo a matsayin 'yar Celeste. Duk lokacin da uwar ta ɗaga murya a kan 'yarta, fuskarta ta dā take yi wa tsawa. Manajan kuma, wanda Jude Law ya fito a matsayinsa, ko suna ba a ba shi ba, Manaja kawai. Yana kula da ita, yana kuma shan ƙwaya tare da ita a ranar wasa.

Mutane da yawa sun fito daga kallonsa ransu a ɓace saboda ƙarshen, ni kuma ƙarshen ne ya sa nake ambatonsa. Duk alamu sun nuna za ta faɗi. An kai ta filin wasa da ƙyar take tsayuwa, ta rushe da kuka a ɗakin shiri, yayar da ta gama ci wa mutunci ita ce ta rarrashe ta. Ɗan kallo ya shirya ganin abin da ya saba gani, a sume a dandamali ko a kira motar asibiti. Sai ta fito cikin kaya masu ƙyalli ta yi wasan, waƙa bayan waƙa, rawa ba kuskure, jama'a na ihun murna. Darakta ya bar wasan ya yi tsawo har ya fara gundurar mai kallo, lokaci zuwa lokaci kyamara na komawa kan yayar da 'yar suna kallonta. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya warke. Wasan ya yi kyau, kowa zai samu kasonsa, kuma daren farko ke nan na rangadin.